Ɗigon Hasken Jikin Tocila da Amfaninsa a Tsallaken Kogin Kaduna

Tocila ta daɗe tana cikin kayan dare na unguwannin da ke kudu da Kogin Kaduna, tun zamanin da masaƙun Kakuri ke aiki ba dare ba rana, ma'aikata suna komawa Makera da Nasarawa da Barnawa cikin duhu, har zuwa yau da mai gadi da ɗan sintiri da mai shayi ke dogaro da ita da zarar an ɗauke wuta. A tsawon wannan lokaci ta sauya daga ta ƙarfe mai cin manyan batura irin su Tiger Head zuwa ta roba da ake sokawa a bango domin caji, sannan aka sami ƙananan na aljihu masu batirin litiyam. Tare da cajin ne wani abu ya shigo wanda ba a cika kula shi ba, wato hasken nuni, ɗan ƙaramin ƙwai da ke ci a jikin tocila domin ya sanar da mai ita halin da take ciki.

A tocilolin roba da suka cika shagunan Sabon Tasha da Television, wannan haske jan ɗigo ne kawai, kuma a da yawa daga cikinsu iyakar bayaninsa shi ne wuta tana shiga, ba ya sauya launi idan batir ya cika, shi ya sa ake barin tocila kwana da wuni a soket har batirin ya mutu tun bai tsufa ba.

Masu sha'awar tocilar aljihu a ƙasashen waje sun kai wannan ɗigo wani mataki. A samfura irin su Emisar D4V2, an jera ƙananan ƙwayaye masu launi kewaye da manyan, kuma manhajar da aka dasa a cikin tocilar, wadda ake kira Anduril, tana barin mai ita ya zaɓi ɗaya daga cikin halaye huɗu ta hanyar danna maɓalli sau bakwai a jere lokacin da take a kashe: a kashe su ɗungurungum, ko su ci kaɗan, ko su ci da ƙarfi, ko su riƙa ƙiftawa. Ana kuma iya sa launin ya bi ƙarfin batir, wanda ke kai bolt 4.2 idan ya cika ya sauko kusan bolt 3 idan ya ƙare, ta yadda shunayya da shuɗi ke nuna cika, kore tsaka-tsaki, ja kuma alamar a nemi caji.

Wata muhawara a tsakanin masu sha'awar ita ce ta yawan hasken, domin abin da ke tsayar da shi wani ɗan ƙaramin sashe ne da ake kira rezisto, mai takura wutar da ke isa ga ƙwan, kuma wanda matakan manhajar ba su gamsar da shi ba sai ya buɗe tocilar ya sauya shi da hannu. Lissafin a fili yake: batir samfurin 18650 mai ɗaukar miliamfiya-awa 3000, idan hasken nuni yana zuƙar miliamfiya ɗaya, zai ƙare cikin awa 3000, wato kimanin wata huɗu, ko da ba a haska komai da shi ba, alhali idan aka rage zuƙar zuwa kashi ɗaya cikin ashirin, sai lissafin ya koma na shekaru. A can ƙasashen waje ado ne ke jan mutane zuwa ga haske mai ƙarfi. A nan Kaduna kuwa duk hujjoji suna bayan ƙarami. Iyalin da ke kwana a ɗaki ɗaya a Narayi ko Unguwar Romi suna buƙatar abin da zai nuna inda tocila take ba tare da ya tashi jariri ba, mai gadi kuma ba ya son ɗigon da zai tona inda ya laɓe, sannan idon da ya saba da duhu yana hango ɗan haske kaɗan daga ƙuryar ɗaki.

Katsewar lantarki ta watan Oktoba na 2024, wadda ta bar yawancin Arewa cikin duhu kwanaki da dama, ta nuna darajar sanin abin da ya rage a batir, domin a lokacin kowane caji kuɗi ne a wajen mai janareto. Ya kamata 'yan kasuwar da ke shigo da tocila su riƙa neman wadda haskenta ke bambanta cika da ƙarewa kuma ake iya rage shi, masu gyaran rediyo da waya na Kakuri kuma su koyi sauya rezisto, tunda aikin bai fi ƙarfin kayan da ke kan teburinsu ba.