Me Za A Ba Matashi Ya Karanta? Tsokaci A Kan Tatsuniya Da Tarihi Da Labarin Bincike

Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, malaman makarantun sakandare sukan tambaye ni littafin da ya dace su danƙa wa ɗalibin da ya gama da littattafan manhaja, yana kuma neman ƙari. A wannan maƙala za a yi ƙoƙarin amsa wannan tambaya ta hanyar duba nau'o'i uku na zube, wato tatsuniya da tarihi da labarin bincike, tare da bayyana abin da kowanne zai ba matashi da kuma babban mutum. Dalilin haɗa su shi ne, dukansu suna riƙe mai karatu da tambaya guda: daga nan sai me ya faru?

Bari mu fara da tatsuniya, domin ita aka fi zalunta. An ɗauke ta abin yara da tsofaffin mata, har ɗalibin aji shida yakan ji kunyar a gan shi da littafinta. Wanda duk ya buɗe Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, wanda Frank Edgar ya fitar cikin juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, zai gane cewa wannan zato kuskure ne. Malamai ne suka rubuta akasarin abin da ke ciki da ajami, Edgar ya mayar da shi boko. Akwai labaran Gizo da Ƙoƙi, haka ne, amma akwai kuma na kishiyoyi da na malamai masu kwaɗayi da na alƙalai da ɓarayi, wasunsu ma da maganganun da ba a yi wa yaro su. Saboda haka littafin na manya ne da manazarta, musamman da yake ƙa'idar rubutunsa tsohuwa ce mai gajiyar da ido. Ga matashi, Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, wanda ya fara fitowa a 1971, ya fi sauƙin shiga.

Sai dai a ganina, mashiga mafi kyau ita ce Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, wadda ta fito a ƙarshen shekarun 1930. Sanin kowa ne Imam ya ɗebo labaransa daga wurare daban-daban, kamar Alfu Laila da tatsuniyoyin Jamus na 'yan'uwan Grimm. Wasu kan ambaci wannan kamar aibi. Ni kuwa ina ganin a nan gwanintarsa take, domin ya sauya wa labaran suna da gari da tufafi da bakin magana har suka zama 'yan gida. Bugu da ƙari, dabarar akun da ke tsare ɗan sarki da hira don kada ya fita ya faɗa tarkon waziri ta sa kowane labari yana da aiki biyu: yana nishaɗantarwa, yana kuma sayen lokaci. Matashi zai karanta don dariya. Babba zai koma ya tarar da nazari ne a kan fada da makircinta.

Game da tarihi, wajibi ne a rarrabe tsakanin littafin tarihi da ƙagaggen labari mai jingina da tarihi. Daga kashi na farko akwai Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, juzu'i biyu da aka buga a 1932 da 1933, inda mai karatu zai sami Tarihin Kano da Hausa: Barbushe da Dala, zuwan Bagauda, isowar Wangarawa a zamanin Yaji, da sauye-sauyen Muhammadu Rumfa. Akwai kuma Kano ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji da Tarihin Fulani na Waziri Junaidu. Amma ban shawarci malami ya fara da waɗannan ba. Jerin sarakuna da yaƙe-yaƙe yakan kashe wa mafari gwiwa, kuma tarihi ne da aka kalla daga soron fada.

A fara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin littattafan da gasar Rupert East ta 1933 ta haifar. Ɗan ƙaramin littafi ne, ana iya gama shi a zama biyu, amma ban san wani rubutun Hausa da ya nuna abin da cinikin bayi ya yi wa iyali kamarsa ba. An sace yaro, an ƙetare Sahara da shi, uwarsa ta bi sawu har ita ma ta faɗa hannun masu saye da sayarwa. Abin lura shi ne muryar mai ba da labarin: a natse take, ba kuka ba zargi, kamar malami yana karantar da almajiransa. Wasu manazarta sun ga wannan natsuwa a matsayin sassauci ga bautar kanta, kuma ƙorafi ne da ya cancanci a kawo shi gaban aji a yi muhawara. Idan aka karanta shi tare da Ganɗoki na Bello Kagara, wanda ya soma da faɗa da Turawa a Kwantagora kafin ya zarce duniyar aljanu, ɗalibi zai ga yadda marubuta biyu na zamani ɗaya suka ɗauki abin da ya wuce: ɗaya da haƙuri, ɗaya da kirari.

A nau'i na uku ne muke da giɓi. Labarin bincike, kamar yadda Edgar Allan Poe ya assasa shi a 1841, Arthur Conan Doyle ya yaɗa shi da Sherlock Holmes tun daga 1887, yana da tsari sananne: a aikata laifi, a ɓoye mai laifin, a baza alamu a gaban mai karatu, sannan mai bincike ya warware ƙullin da hujja. Adabinmu yana da labaran laifi da yawa, amma ba a kan wannan tsari aka gina su ba. A Jiki Magayi mun san mai ɗaukar fansa tun daga farko. Haka a Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, tare da mai laifin muke tafiya. Ko sunayen littattafan ma karin magana ne da suka yanke hukunci tun daga bango. Wato tambayar marubucin Hausa ita ce yaya mai laifi zai ƙare, ba wane ne shi ba. Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, wanda aka buga a 1982, ya matso kusa saboda yana tona asirin masu fasa-ƙwauri da jami'an da ke ɗaure musu gindi, amma shi ma fallasa ce jigonsa.

Wannan ba ya nufin Bahaushe bai san daɗin warware ƙulli ba. Kacici-kacici na nan, haka nan labaran alƙalin da ke kama ɓarawo da dabara, da labaran da kan ƙare da tambayar wa ya fi wani, a bar masu sauraro suna gardama. Kayan ginin suna nan a ƙasa, jiran magini suke yi.

Saboda haka ga matashin da ke jin Ingilishi, ina ba da shawarar gajerun labaran Holmes tukuna, domin kowanne ba ya wuce zama ɗaya, daga baya a ba shi Agatha Christie, musamman Murder on the Orient Express na 1934. Littattafan James Hadley Chase, waɗanda yayyenmu suka yi ta karɓa-karɓa a makarantun kwana, na manya ne. Akwai gudu da harbi, amma tunani kaɗan ne. Na taɓa gwada wani abu da ɗalibaina: na karanta musu labarin Holmes na tsaya kafin warwara, na ce kowa ya rubuta wanda yake zargi da hujjarsa, da Hausa. Wanda ya fi kowa shiru a ajin shi ya gano amsar, kuma da na tambaye shi yadda ya yi, sai ya ce kakarsa ce ta saba masa da kacici-kacici.