Baƙaƙen da ba a yi wa zanen suna ba

Ka yi rani guda ko biyu kana zuwa makarantar yaƙi da jahilci. Yau ga shi kana karanta wannan takarda da kanka. Ka iya rubuta sunanka da sunan garinku. To, ga tambaya ɗaya. In wani yana nesa, kuna magana ta waya, ba ya ganin allonka, kana iya gaya masa baƙaƙen sunanka ɗaya bayan ɗaya har ya rubuta daidai? Da yawa cikinmu nan suke tsayawa cik. Laifin kuwa yana ga littafin farko da aka koya mana karatu da shi, da yadda ake koyar da shi. Shi za mu auna yau.

Mu fara da yabo, don abin yabo yana da yawa. An shirya baƙaƙen Hausa na boko bisa ƙa'ida mai kyau: kowane amo na baki da nasa baƙi. Abin da ka faɗa, shi kake rubutawa. Faransanci ba haka yake ba. In ka hau babbar hanya, dubi allunan da ke bakin garuruwa. Garin da muke kira Gidan Rumji an rubuta shi Guidan Roumdji. Baƙaƙe 13 ke nan, alhali da Hausa 10 sun isa. Gazawa ta zama Gazaoua. Agye ta zama Aguié. Cadawa kuwa Tchadoua: sai da aka tara baƙaƙe 3, T da C da H, kafin a sami amon da mu muke rubutawa da C kaɗai. Wanda ya yi karatun manya wata 4 ya fi yaron lakwal saurin karanta sunan garinsa, in da Hausa aka rubuta.

Wannan ƙa'ida ba daga sama ta faɗo ba. A shekarar 1886 wasu malaman koyar da harsuna suka kafa ƙungiya a birnin Paris, shugabansu Paul Passy. A 1888 suka fitar da jerin alamomi, kowace alama tana tsaye a madadin amo guda. Niyyarsu, mutum ya dubi takarda ya san yadda ake faɗin kalma ko bai taɓa jin harshen ba. Daga irin wannan tunani ne aka yi wa B da D da K ƙugiya, suka zama Ɓ da Ɗ da Ƙ. A Zariya aka soma buga littattafai da su cikin shekarun 1930, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939, ta yaɗa su. Ƙugiyar nan ba ado ba ce. Ita ce ta raba kura da ƙura, ta raba doki da ɗoki, ta raba "ya ba ta" da "ya ɓata".

A nan Nijar an bi wata hanya tukuna. Bayan taron Bamako na 1966, wanda UNESCO ta kira, aka riƙa ninka wasali in yana da tsawo. Tsofaffin ɗalibai sun tuna jaridar da ake rubuta sunanta Gangaa. A lokacin, garin zama da garin tuwo ba rubutunsu ɗaya ba. A 1980 aka yi taro a Yamai don daidaita rubutun Nijar da na Najeriya, aka bar ninkawa. Mai koyo ya yi hasara kaɗan a nan, don yanzu sai ya duba sauran jimla kafin ya san ko garin zama ake nufi ko garin tuwo. Amma a ganina ribar ta fi yawa: littafin da aka buga a Kano ya zama namu, namu ya zama nasu. A 1999 gwamnati ta fitar da dokar da ta tsayar da baƙaƙen da muke aiki da su, har da Ƴ.

To, duk tarurrukan nan kan siffar baƙi aka yi su. An kula da ido, an manta da kunne. Littafin farko yana koya maka ba, bi, bu, be, bo. Yana da kyau don karatu. Amma in aka ce ka kira baƙin shi kaɗai, da wane suna za ka kira shi? Malami ɗaya ya ce "ba". Wani, da ya yi lakwal, ya ce "be". Masu ƙugiya kuwa kowa da yadda yake kame-kame: wannan ya ce "ka mai ƙugiya", wancan ya ce "ka mai lanƙwasa", wani ya zana ta da yatsa cikin iska. Yatsa kuwa ba ya shiga waya.

Da, wannan bai dami kowa ba. Mai wasiƙa yana zaune gabanka, in ya ɓata ka nuna masa. Yanzu zamani ya sake. Ɗanka yana ci-rani a Agadas ko Libiya ko Legas. Zai aiko da kuɗin taki. Ya kira ka, ka faɗi suna, ya faɗa wa mai karɓar kuɗi, shi kuma ya rubuta yadda kunnensa ya ji. Ka biya kuɗin mota ka je birni. Mai biya ya dubi katinka, ya dubi na'urarsa. A nan Chaibou, a can Shu'aibu. A nan Tchima, a can Cima. Ya ce ba kai ba ne. Ka koma gida hannu wofi, ranar noma ta tafi. Haka abin yake ga takardar haihuwar yaro. Baƙi ɗaya in ya kauce ran da aka rubuta ta, yana nan yana jiran yaron har ranar jarrabawa, sa'an nan uba ya shiga zirga-zirgar gidan shari'a don a gyara.

Wani zai ce, ai sai a koya wa mutane sunayen baƙaƙe na Faransanci, a huta. Ba a huta ba. Da fari, Faransanci ba shi da suna ga Ɓ, Ɗ, Ƙ da Ƴ, don ba shi da su. Na biyu, sunayen nasa sun yi kama da juna: be, se, de, je, pe, te, be. In waya tana yankewa, ko kana tsakiyar kasuwa injin niƙa na ruri, duk ɗaya kake jin su. Na uku ya fi muni ga mu da ke kusa da iyaka. Baƙin da ɗan lakwal na Gazawa yake kira "ji", watau J, ɗan makarantar Katsina G yake nufi in ya ce "ji". In ya ce "je", J yake nufi, alhali nan "je" shi ne G. Sun yi musaya sarai. Haka in ɗan Jibiya ya ce "i", E yake nufi. Mutum biyu, Hausawa, suna ciniki da Hausa, amma da an zo kiran baƙi sai kowa ya ɗauko harshen Nasaransa, su kasa jin juna.

Abin mamaki, maganin yana cikin zauren unguwarku tun kaka da kakanni. Tuna makarantar allo. Kafin yaro ya shiga farfaru, sai ya yi babbaƙu. Malam ba ya ce masa amo kawai. Kowane baƙi da sunansa na Hausa, sunan kuma yana gaya maka kamanninsa. "An baki wofi", don bakinsa a buɗe yake. In ya zo tsakiyar kalma ya rufe, sai a ce "an likkafa", don ya yi kama da likkafar sirdi. "Ɗa mai hannu", don ga sanda tsaye a kansa kamar ya ɗaga hannu. Ga "ha ƙarami", ga "ha babba", ga "ha kuri". Ga "ba guje", "lam jaye", "lam ara", "nun guda", "kaf lasan". Yaro ɗan shekara 6 yana rera su da dare a bakin wuta. Malam yana can gefe, ba ya kallon allon, amma in yaron ya kauce nan take ya ji. Almajiri na Tibiri in ya kira baƙi, almajiri na Zinder ko Zariya ya gane. Malaman da suka raɗa sunayen nan sun san abin da masu littafin boko suka tsallake: baƙi ana ganinsa, ana kuma jinsa. Masu shirya littafin sun wuce ta ƙofar makarantar allo ba su yi sallama ba.

Turawa ma sun gamu da wannan wahala, amma a sama. Matuƙin jirgi yana magana da mai tsaron filin jirgi ta rediyo, ga ƙarar inji, kuma harshensu ba ɗaya ba. Kuskuren baƙi ɗaya yana iya cin rayuka. Don haka hukumar jiragen sama ta duniya ta ba kowane baƙi kalma guda: Alfa, Bravo, Charlie, Delta, har zuwa Zulu. An gwada kalmomin a kunnen mutanen ƙasashe 31, aka sake waɗanda suke rikitarwa, aka tsayar da jerin a 1956. Shi ne kake jin soji da jandarma suna faɗa cikin rediyonsu. Dabara ce mai kyau, kuma darasinta shi ne gwajin nan da aka yi. Amma jerin kansa bai dace da mu ba. Baƙaƙe 26 ne, babu mai ƙugiya ko ɗaya, babu SH, babu TS. Yana da Q da V da X da ba ruwan Hausa da su. Manomi bai san Foxtrot ba. W kuwa sunan giya aka ba shi, Whiskey. Ka je ka ce wa liman ya kira baƙin sunansa da wannan.

Ba dole ba ne a yi aro. Mutanen Italiya da sunayen garuruwansu suke kiran baƙaƙe. Jamus ma ta koma ga sunayen garuruwa a 2022. Mu kuwa tun Maris na 2025 dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa. Harshen ƙasa ya kamata a iya kiran baƙaƙensa da babbar murya.

Littafin farko ya riga ya yi rabin aikin bai sani ba. Yana sa hoto kusa da baƙi. Abin da ya rage, a tsayar da kalma ɗaya ga kowane baƙi, kowa ya riƙe ta daga Gangara har Cadakori. Sai dai zaɓen kalma ba wasa ba ne. A kamar akuya, B kamar buta, G kamar goro, J kamar jaki, M kamar masara, N kamar nono: waɗannan ba gardama. Amma in ka ce D kamar doki, Ɗ kamar ɗaki, ka koma gidan jiya, don a waya doki da ɗaki ɗan juma ne da ɗan jummai. Gara D kamar dankali, Ɗ kamar ɗaki. K kamar kaza, Ƙ kamar ƙofa. Ga Ɓ, kalmar da kowa ya fi sani ita ce ɓarawo, amma wa zai yarda a kira sunansa da ita? A bar shi ga ɓaure. C kamar ciniki, SH kamar shinkafa, TS kamar tsintsiya.

F ita ce mai wuyar sha'ani a ƙasarmu. Littafi yana rubuta fura, mu muna cewa hura. Yana rubuta fitila, muna cewa hitila. In ka ce "F kamar fura", mutumin Gidan Sori zai rubuta H, kuma ba za ka ga laifinsa ba. A nemi kalmar da F take gaban wasalin A, don a nan bakinmu yana cewa "hwa", ba ya cewa "ha". F kamar fadama ke nan, H kamar hannu. Ƴ ma haka. Littafi ya ce ƴaƴa, mu ɗiya muke cewa. Kalmar da kowa yake ji a rediyo da wannan amo ita ce ƴanci. Ɗan ɗigon nan mai wutsiya da ke cikin jama'a da sa'a da A'i kuwa, ya riga ya sami suna a makarantar allo. A kira shi hamza.

Waɗannan kalmomi shawara ce. Kada ka karɓe su don ka gan su a takarda. Gwada su kamar yadda aka gwada na matuƙan jirgi. Daren gobe, in kun taru wurin karatu, mutum ɗaya ya fita bayan danga da allonsa. Wani ya tsaya ciki ya kira masa baƙaƙen wani suna, ba tare da ya faɗi sunan ba. Ku sa rediyo tana magana tsakaninsu. Mata su yi nasu, har da lokacin da ake daka. Kalmar da aka ji daidai sau 10, ku riƙe ta. Wadda ta rikita mutum 2 ko 3, ku jefar, ku nemi wata. Malaminku ya rubuta jerin da ya tsira, ya aiko mana, tare da sunan garinku, mu gwada shi da na sauran garuruwa. Ku sa katin kowa a gaba lokacin gwajin, don sunan da ke cikin kati shi mai biya yake dubawa: mai Chaibou ya koyi kiran ciniki, hannu, akuya, har ƙarshe, yadda aka rubuta masa.