Matsayin Ƙananan Ƙabilu a Ƙagaggun Labarai: Nazarin Littattafai Uku Domin Manhajar Hausa

1.0 Gabatarwa

Unguwar Tumfure, wadda ke kan hanyar Bauci a bakin garin Gombe, ta bunƙasa ne bayan ƙirƙiro Jihar Gombe a 1996, lokacin da ma'aikata daga sassan jihar suka riƙa neman matsuguni kusa da babban birni. Saboda haka malamin da ya tsaya gaban aji a can zai tarar da 'ya'yan Fulani da Tangale da Tera da Waja da Bolawa da Tula a benci ɗaya, Hausa ce ta haɗa su, amma yawancinsu ba Hausawa ba ne. Tambayar da wannan sashe yake son amsawa ita ce: idan ɗaliban nan suka buɗe littafin ƙagaggen labari, a wace kama suke ganin kakanninsu? Mun ɗauki littattafai uku don tarke, biyu na Hausa, ɗaya na Ingilishi.

2.0 Shaihu Umar: Mutanen da Ba Su da Suna

Littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa yana cikin waɗanda gasar Hukumar Fassara ta Zariya ta 1933 ta haifar, a ƙarƙashin jagorancin Rupert East. An daɗe ana yaba masa kan yadda ya fito da ɗacin bauta, kuma ya cancanci yabon. Mai karatu yakan bi mahaifiyar Umar tun daga ƙasar Hausa har ƙetaren Sahara tana neman ɗanta, ya ga yadda 'yantacciyar mace ta zama haja a hannun fatake.

Sai dai akwai wata bauta a farkon littafin wadda ba a tsaya a kanta ba. Harin da sarki ya tura ƙasar Gwari, wanda Makau ya halarta, an kawo shi ne a matsayin sanadin makircin fadawa da korar Makau daga gari. Waɗanda aka kamo ba su da suna, ba su da magana, lissafinsu kawai aka yi. Ashe ke nan tausayin littafin yana da iyaka: yana farawa ne daga inda bauta ta taɓa na gida. Abin lura kuma shi ne, marubucin kansa ta wajen uba ɗan ƙaramar ƙabila ne, wato Gerawa na ƙasar Bauci. Wannan ya nuna cewa matsalar ta wuce halin marubuci ɗaya. Idon da aka saba kallon tarihi da shi a wancan zamani ido ne na fada.

3.0 Ƙarshen Alewa Ƙasa: Suna Ya Samu, Mutunci Bai Cika Ba

Bayan kusan shekara hamsin, a 1982, aka buga Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, ɗaya daga cikin littattafan da suka fito daga gasar Sashen Al'adu na Tarayya. A nan an samu ci gaba. Tauraron labarin, Mailoma, ya fito ne daga ƙauyen Maguzawa, kuma marubucin ya ba da fili ga al'adunsu da tsafinsu da zamantakewarsu. Haka kuma littafin ya taɓo abin da adabin Hausa ya daɗe yana kauce wa, wato halin da sojojin da suka dawo daga yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 suka shiga.

Duk da haka, wajibi ne mu tambayi aikin da Maguzancin yake yi a cikin labarin. A ganinmu, sau da yawa an yi amfani da shi don ƙara wa ta'addancin Mailoma kwarjini da ban tsoro. Ɗalibin da bai taɓa zama da Bamaguje ba zai iya rufe littafin da tunanin cewa mugunta da rashin Musulunci abu ɗaya ne, alhali abin da ya lalata Mailoma ya haɗa da yaƙi da birni da son duniya. Idan malami bai ja hankalin aji ga wannan ba, littafin zai ƙarfafa zargin da ya kamata ya warware.

4.0 Measuring Time: Ɗan Ƙauye Ya Karɓi Alƙalami

Helon Habila, haifaffen Kaltungo a 1967, ya fitar da Measuring Time a 2007. Ya gina labarin a ƙagaggen gari mai suna Keti, wanda sarautarsa ta Mai da tarihinsa na zuwan 'yan mishan suke tuna wa mai karatu ƙasar Tangale. Tauraron, Mamo, mai fama da ciwon sikila, ya ci karo da tarihin mutanensa wanda wani ɗan mishan ya rubuta, sai ya ƙuduri aniyar gyara shi. Daga baya fada ta ɗauke shi ya rubuta tarihin Mai, a nan kuma ya gano cewa fadar ma tana da abin da take son a binne.

Ƙarfin littafin yana nan: bai mayar da ƙaramar ƙabila tsarkakakkiya ba. Akwai azzalumi da maƙaryaci a cikinta kamar kowace al'umma, amma ita ce mai ba da labarin kanta. Rauninsa a wajenmu shi ne harshe. An rubuta shi da Ingilishi, don haka manomin Billiri da ya fi jin Hausa ba shi da hanyar isa gare shi.

5.0 Shawarwari

Ba mu goyi bayan cire Shaihu Umar ko Ƙarshen Alewa Ƙasa daga hannun ɗalibai ba, domin ba a gyara tarihi da ɓoye shi. Abin da muke ba da shawara shi ne: na farko, a sanya tambayar "wa ke magana, wa aka hana magana?" cikin darasin jigo da na taurari. Na biyu, a horar da malamai kan bayanin kalmomi irin su "arne" a muhallinsu na tarihi, ba tare da an muzanta wani ɗalibi ba. Na uku, a nemi izinin fassara littattafai irin na Habila zuwa Hausa. Na huɗu, a ba ɗalibai aikin rubuta labarin wani kakansu da Hausa, su karanta a gaban aji.

6.0 Kammalawa

Hausa ta zama harshen kasuwa da coci da masallaci a Gombe, miliyoyin da ba Hausawa ba suna rayuwa da ita. Hausawa na cewa gani ya kori ji. Yaron Tumfure da ya ga mutanensa a littafi suna magana da bakinsu zai riƙi darasin Hausa a matsayin nasa. Wanda kuwa ya gan su a ɗaure kawai, zai ci jarrabawa, amma da wuya ya sake buɗe littafin.