Haki a Kan Takarda

Masu horar da 'yan gudun dogon zango suna da wani gwaji da ba ya buƙatar na'ura. Sai su sa ɗan tsere ya yi magana yana cikin gudu. Idan ya iya kai jimla har ƙarshenta, to yana kan takun da zai daɗe a kansa. Idan kuwa kalmomi suka fara fita ɗaya-ɗaya, ya shiga haki, kuma ba zai jima ba zai sare.

Dalilin yana cikin jini. Abin da ya fi tunzura mutum ya ja numfashi ba ƙarancin oksijin ba ne, taruwar gurɓatacciyar iskar da jiki ke son fitarwa ce, wato kabon-dayoksaid. Mutum a zaune yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya, yana juya iska kimanin lita 6. Ƙwararren ɗan tsere kuwa, idan gudu ya kai gudu, yakan haura lita 100. Shi ya sa ake koya masa numfashi tun daga ciki, ba daga saman ƙirji ba, tare da daidaita shi da taku. A 1983 Dennis Bramble da David Carrier suka nuna cewa doki da kare, idan suna sukuwa, numfashi ɗaya suke yi a kowane tsalle, ba su da zaɓi. Ɗan'adam ne ke iya sauya lissafin yadda ya ga dama.

Wannan 'yancin shi marubuta ƙagaggun labarai suka ara, sai dai da yawansu sun are shi a baibai. Shawarar da ta zama ruwan dare ita ce: in tauraronka yana gudu, guntule jimloli. Ya tashi. Ya ruga. Ya waiwaya. Wannan daidai ne ga wanda kare ya biyo. Ga wanda ya saba cin kilomita goma kafin karin kumallo kuwa, ƙarya ce tsagwaronta, domin shi numfashinsa a kwance yake, hankalinsa kuma yana can yana kiwo.

Alan Sillitoe, marubucin Ingila, ya gane haka a labarinsa na 1959, The Loneliness of the Long-Distance Runner. Tauraronsa Smith yaro ne da aka kai gidan kangararru saboda ya yi sata a gidan burodi. Shugaban gidan ya lura yana da gudu, ya riƙa sakinsa da asuba shi kaɗai ya yi atisaye, da burin ya ciyo masa kofi. Da bakin Smith aka ba da labarin, kuma jimlolinsa dogaye ne, suna tafiya suna jan juna da waƙafi, daga mutuwar mahaifinsa zuwa 'yan sanda zuwa ƙiyayyarsa ga masu iko da shi. Mai karatu ba ya jin haki, yana jin mutumin da ya mallaki huhunsa. Saboda haka ranar gasa, da Smith ya zo dab da layin ƙarshe ya ja ya tsaya har aka wuce shi, babu mai cewa gajiya ce. Tsarin jimlolin ya riga ya ba da shaida cewa da sauran ƙarfinsa, da gangan ya ƙi.

Haruki Murakami na Japan ta wata ƙofar ya shigo. Ya fara gudu a 1982, bayan ya bar sana'ar gidan kiɗan jaz ya rungumi rubutu, har ya yi tseren kilomita 100 a tafkin Saroma a 1996. A littafinsa na 2007 kan gudu, ya kwatanta tattara hankali da riƙe numfashi, juriya kuma da yin numfashi a hankali alhali ana riƙe da iska a huhu. Kwatancen ya yi ma'ana, amma zancen lafiyar marubuci yake, yadda zai jure zaman shekara guda a kan littafi ɗaya. Bai taɓa jikin jimla ba, don haka a ganina Sillitoe ya fi shi amfani ga mai koyon rubutu.

A wajenmu batun ba na nesa ba ne, tunda littattafan Hausa ana karanta su a rediyo, ana kuma naɗar su a YouTube. Saurari mai karatu da kyau, za ka ji inda marubuci ya cuce shi: sakin layi guda ba aya ba waƙafi, ya yi ta ja har muryarsa ta shaƙe, ya yanke a tsakiyar magana inda bai kamata ba. Wani lokaci kuma akasin haka ne, tauraruwa tana zaune a falo tana shan shayi amma jimlolin suna haki kamar an koro ta daga kasuwa.