Mutum Ɗaya, Muryoyi da Yawa: Nazarin Jigon Rarrabuwar Kai a Labaran Matasa

1.0 Gabatarwa

Likitocin ƙwaƙwalwa sun san wata cuta da za a iya kira rarrabuwar kai, wato mutum ɗaya ya riƙa fitowa da halaye biyu ko fiye, kowanne da muryarsa, har ya manta abin da ɗayan ya aikata. Galibi ana danganta ta da azabar da aka sha tun ƙuruciya. Wannan takarda za ta nuna cewa ma'aunin labarin da ya ɗauki wannan jigo shi ne wanda marubuci ya bai wa bakin magana.

2.0 Sunan Aro a Treichville

A 1958 Jean Rouch ya fitar da fim mai suna Moi, un Noir, kan samarin Nijar 'yan ci-rani a unguwar Treichville ta Abidjan. Tauraronsa, Oumarou Ganda, lebura ne da ya yi yaƙi a Indochina, amma yana kiran kansa Edward G. Robinson, abokinsa kuma Eddie Constantine, duk sunayen taurarin silima. Wannan ba cuta ba ce, domin Robinson bai taɓa manta ko shi wane ne ba. Talauci ne ya sa shi aron suna. Abin lura ga ɗalibi shi ne salon: an ɗauki hoton ba sauti, daga baya Ganda ya ɗora maganarsa a kai. Don haka mai kallo yana jin raɗaɗin daga bakin mai shi.

3.0 Muryoyin Ada

Littafin Freshwater na Akwaeke Emezi (2018) ya fi kusa da jigon. Ada yarinya ce da ta tashi a ƙasar Ibo, ta tafi karatu Amurka, inda aka yi mata fyaɗe, sai wata halitta mai suna Asughara ta bayyana a cikinta. An rarraba babi-babi tsakanin muryoyin da ke jikinta, waɗanda littafin ya danganta da ogbanje na al'adar Ibo. Ƙarfin littafin ke nan: zubinsa ya yi kama da halin tauraruwar. Rauninsa kuwa, muryar Ada kanta ta yi ƙaranci, har mai karatu kan fi sanin baƙin fiye da mai gidan.

4.0 Darasi ga Marubucin Hausa

Bahaushe ya daɗe da sanin hawan iska a bori, kuma ƙagaggun labaransa cike suke da shafar aljanu. Sai dai sau da yawa yarinya kan faɗi, aljani ya yi magana, malami ya yi ruƙiyya, shi ke nan an rufe babi. Ba a tambayar abin da ya same ta kafin faɗuwar. A 2013 kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ya amince cewa cutar kan zo da siffar hawan iska, tare da ware abin da al'ada ko addini suka yarda da shi. Ke nan ruwa ba ya tsami banza.

5.0 Kammalawa

Manazarci ya bambance abu uku: sunan aro, hawan iska, da cuta. Sannan ya tambayi kowane labari: wa ke magana, kuma wa aka hana? Matashiyar da ke fama da wannan hali tana iya karanta littafin, kuma daga cikinsa za ta gane ko ana sauraron irinta.