Tawali'u ko haƙuri? Sharhi kan fassarar kalmar praus

1. Matsala

A Matiyu 5:5, kalmar Girkanci praeis (tilonta praus) ta daɗe tana ba masu fassara wuya. Fassarar Segond ta 1910 ta ce débonnaires, ta Jérusalem ta ce doux, Littafi Mai Tsarki na Hausa kuwa ya zaɓi masu tawali'u. A wannan muƙala za mu auna zaɓin na Hausa, bayan mun duba wani bayani da ya yaɗu cikin wa'azi.

2. Hujjar doki

Masu wa'azi da dama kan ce praus na nufin ƙarfi da aka sa wa linzami, tunda Girkawan da suna amfani da kalmar ga dokin da aka horar. Amfanin ya tabbata, sai dai hujjar ba ta tsaya ba. Tun 1961 James Barr ya nuna kuskuren kwaso duk ma'anonin da kalma ta taɓa ɗauka a jibge su kan aya guda. Nassin ma da kansa ya ƙi dokin: a Matiyu 21:5, sarkin da aka kira praus kan jaki yake, kuma Zakariya 9:10, mai bin ayar da aka ɗauko, ya yi maganar kawar da dawakin yaƙi daga Urushalima.

3. Tushen ayar

Matiyu 5:5 ta dogara ne ga Zabura 37:11, inda Ibraniyanci ya ce anawim, tsohuwar fassarar Girkanci kuma ta mayar da shi praeis. A wannan Zabura, anawim su ne waɗanda azzalumai suka danne, aka ce kada su yi fushi, su jira Ubangiji, ƙasa za ta zama gadonsu. Ashe kalmar ta haɗa abu biyu: matsayin mutum cikin jama'a, da yadda yake riƙe zuciyarsa.

4. Zaɓin Hausa

Tawali'u aro ne daga Larabci tawāḍuʿ, inda ḍ ya koma l kamar a alƙali da larura. Ma'anarsa ƙanƙan da kai. Hausawa sun fi yabon malami ko basarake da tawali'u, wato wanda yake da girman da zai sauko daga kansa. Talakan da aka ƙwace wa gona ba saukowa ya yi ba, saukar da shi aka yi. Bugu da ƙari, ƙanƙan da kai ya fi dacewa da tapeinos, kuma Matiyu 11:29 ta jera praus da tapeinos tare, abin da ke nuna marubucin bai ɗauke su ɗaya ba.

Haƙuri ya fi kusa da Zabura 37, gama ya ƙunshi danne fushi da jira. Aibinsa shi ne sau da yawa kalmar rarrashi ce da mai ƙarfi kan faɗa wa wanda ya zalunta. Sanyin hali kuma ya tsaya ga ɗabi'a, ya bar zancen zalunci.

5. Kammalawa

A ganinmu, tawali'u ya mai da alkawarin da aka yi wa waɗanda aka danne ya zama nasiha ga manya. Idan aka riƙe shi saboda sabo, ya kamata a sa bayani a ƙasan shafi mai maido da mai karatu ga Zabura 37.