Kujera da Sunanta: Sharhi a kan Yadda A Ke Rarrabe Kayan Sassaƙa

Duk wanda ya shiga gidan ajiye kayan tarihi, ko ya buɗe littafin hotunan kayan sassaƙa na Afirka, zai tarar an rubuta sunan kabila ɗaya tak a ƙarƙashin kowace kujera: wannan ta Nufawa, waccan ta Asante. Wanda ya fi kowa ƙarfafa wannan hanya shi ne William Fagg, musamman cikin littafinsa na 1965, Tribes and Forms in African Art, inda ya ɗauki kowace kabila tamkar wata duniya mai salonta ita kaɗai. A 1980 Roy Sieber ya fitar da African Furniture and Household Objects. Lalle ya cancanci yabo, gama ya ɗauki kujera da gado da akushi da muhimmancin da a da gumaka kaɗai a ke ba. Amma shi ma bai rabu da laƙaba wa kaya sunan kabila ba. Sidney Kasfir ta soki wannan ra'ayi a 1984, ta nuna cewa salo ba ya tsayawa inda iyakar kabila ta tsaya. Ga wata shaida kuma da ke goyon bayanta, wadda masana zane ba su cika waiwaya ba, watau shaidar harshe.

In an dubi sunayen kayan ɗaki a Hausa sai a ga sun jeru hawa hawa, kowane da zamaninsa da hanyar da ya biyo. Sanduƙi da kursiyyu daga Larabci su ke. Akwati ya yi daidai da àpótí na Yarbanci, wanda a can ke nufin akwati, ke kuma nufin abin zama. Da ya ke Hausa ba ta da sautin kp, wanda Yarbawa ke rubutawa da p, sai ta mai da shi kw. Adaka kuwa haka sunanta ya ke a harshen Asante, masana da dama kuma suna danganta ta da arca ta Fotugis, waɗanda suka gina ganuwar Elmina a 1482. Ba a rasa gane hanyar da ta biyo, tun da fataken goro sun daɗe suna zirga-zirga tsakanin Kano da Gwanja. Tebur da benci da kabad da durowa su ne ƙannen baya, daga Turanci. Sunan kaya ba ya tafiya shi kaɗai. Inda ya isa, galibi kayan sun isa, mai sana'a kuma ya gani ya kwaikwaya.

Har wa yau harshen ya bambanta ma'aikata biyu da littattafan nan ke haɗawa. Masassaƙi da gatari da gizago ya ke aiki. Gungume guda ya ke ɗauka, na ƙirya ko maɗaci, ya yi ta ragewa har turmi ko akushi ko kujera ta fito, babu haɗi, babu ƙusa. Kafinta kuwa, wanda sunansa ma aro ne, katako ya ke yankawa da zarto, ya harhaɗa. Aikinsa ya yaɗu a Arewa bayan da Hans Vischer, Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, da sashen koyon sana'o'in hannu, jirgin ƙasa kuma ya iso Kano a 1911. Saboda haka da yawa daga abin da a ke kira salon kabila, hukuncin kayan aiki ne. Kujerar da aka fafe daga gungume ba ta wuce faɗin itacen da aka sara. Shi ya sa ta kan zo gajera, mai kewaye, ko a hannun wa ta fito.

Kujerar Nufawa ita ce misali mafi kyau. Samanta kewayayye ne, an yi masa zane na layuka da kusurwoyi, ƙafafunta kan kai takwas ko goma, duka daga itace guda. An saba cewa Musulunci ne ya sa masassaƙan Nupe suka tsaya ga layuka, suka guji siffar mai rai. Wannan bayani bai wadatar ba, domin ƙyamaren da aka sassaƙa a Lapai suna ɗauke da siffofin tsuntsaye da macizai da sauran dabbobi. Abin da S. F. Nadel ya bayyana cikin A Black Byzantium a 1942 ya fi kusa da ba da amsa: Bida birni ne da ya tara masu sana'a daga wurare dabam dabam ƙarƙashin sarauta ɗaya, maƙeran tagulla da masu narka gilashi da masu ɗinkin riga. Inda sana'o'i suka zauna kusa da juna haka, zane kan tashi daga tasa ya sauka kan kujera. Kalmar “Nupe” a kan takardar gidan tarihi ba ta faɗin ko ɗaya daga wannan.

Saura abu guda da hoto ba ya nunawa, watau wanda ke zama. A ƙasar Asante kujera ita ce sarauta, har neman Kujerar Zinariya da Gwamna Hodgson ya yi a 1900 ya ta da yaƙi. Duk da haka sarakunan Asante sun karɓi kujera mai majingina daga Turawan bakin teku, suka ƙawata ta da ƙusoshin tagulla, suka kira ta asipim, ta zama tasu. A ƙasar Hausa kuwa gadon sarauta a ke hawa, ko karaga. Malami a kan buzu ya ke zama, baƙo a shimfiɗa masa tabarma. Kujera 'yar tsugunno ta mata ce, tsayinta daidai da bakin murhu. Sai da ofis da majalisa suka zo sa'an nan “kujera” ta sami ma'anar muƙami, har a ke takarar kujera. Wanda ya jera kujerar Asante da 'yar tsugunno a shafi guda don siffarsu ta yi kama, ya haɗa abin da masu su ba su taɓa haɗawa ba.

Wannan magana ta shafi malaman kwalejojin horon malamai ƙwarai. In aka koya wa ɗalibi cewa kowace kabila da kujerarta tun fil'azal, zai fita yana ganin aikin kafintan garinsu baƙon abu ne, aikin masassaƙi kuwa abin da ya daskare, ba ya sakewa. Duka biyu kuskure ne, shi kuma zai kai su aji ya koya wa yara. Abin da ya fi amfani shi ne a aiki ɗalibai kasuwa, su tambayi mai sana'a sunan kowane abu da kowane sashensa, da itacen da aka yi shi da shi, da wanda ya koya masa, da wanda ke saye. Littafin Sieber ya isa a ajiye shi a kowane ɗakin karatu saboda hotunansa. Amma sunayen da ke ƙarƙashin hotunan, a ɗauke su a kan inda aka samo kayan kawai, ba asalin salonsu ba.